Tsohon Babur a Bakin Murhu: Labarin Kafe Resa

'Yar'uwa mai karatu, na san da kin ga kan wannan magana za ki ce me ya haɗa kifi da kaska. Mu da muka saba da zancen kishiya da uwar miji da wasiƙar masoya, yau kuma sai ga marubuciyarki ta ɗauko zancen babur, babur ɗin ma ba namu na nan ba, na can Ingila. To ki yi haƙuri ki gyara zama, domin kuwa rabin labarin nan a cikin gida aka yi shi, a kan teburin cin abinci da bakin murhu. Akwai iyaye mata da suka zubar da hawaye a cikinsa, akwai kuma 'yan mata da suka yi abin da ya gagari maza da yawa.

Abin da ake kira kafe resa wani salon gyaran babur ne, inda mutum zai samo tsohon babur ya kwance shi kaf a gida, ya zubar da duk abin da yake ƙara masa nauyi, sannan ya sake ɗaura shi ya fito siriri kamar na 'yan tsere. Sunan kuwa daga shagon shayi ya samo asali, don su Turawa kafe suke ce wa wurin shan shayi da gahawa, resa kuma ɗan tsere. Wato dai ɗan tseren teburin mai shayi. Da farko ma gatse ne, ana yi wa samari ba'a cewa su ba 'yan tseren gaske ba ne, iyakar tserensu daga wannan mai shayi zuwa wancan. Sai samarin suka karɓe sunan suka rungume shi.

A shekarar 1938 aka buɗe wani shagon shayi mai suna Ace Cafe a gefen wata babbar hanya da ta kewaye arewacin birnin Landan. Don direbobin manyan motoci aka yi shi, shi ya sa ba ya rufewa dare da rana. A 1940 jiragen yaƙin Jamus suka jefa bam a kusa da shi ya lalace, sai a 1949 aka sake gina shi. Lokacin kuwa Ingila tana farfaɗowa ne daga yaƙin duniya na biyu, komai sai da kati ake saye. Man fetur sai a 1950 aka sake shi, abinci kuwa sai 1954. Da abubuwa suka warware, masana'antu suka buɗe, yaron da ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 sai ya sami aiki a gareji ko a kamfani, duk ƙarshen mako ya karɓi ɗan albashinsa. Mota ta fi ƙarfinsa, amma babur yana iya ɗauka bashi ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Gidajensu ƙanana ne, ga sanyi, ga iyaye ba sa son hayaniya, gidan giya kuma ba a barin ƙaramin yaro. To ina za shi da dare? Sai wurin mai shayin da ba ya rufewa, inda akwai wani akwatin kiɗa da ake jefa wa kwabo ya saki faifai, ga kiɗan samarin Amurka da gidan rediyon gwamnati bai cika sawa ba.

Nan suka mayar majalisa. Burin kowane yaro a wurin guda ɗaya ne, ya ga allurar babur ɗinsa ta taɓa mil 100 a awa, wato kilomita 160. Ki ƙaddara mutum ya tashi daga Kano ya isa wajejen Zariya cikin awa guda, a kan ƙafa biyu, ba gilashi ba ƙofa. Wannan mil ɗari su tan suke ce masa, wanda ya yi shi kuwa ya zama namiji a majalisa. Kuma a lokacin babu dokar da ta iyakance gudu a hanyoyin bayan gari, sai a ƙarshen 1965 aka kafa iyakar mil 70. Ana ba da labarin wai yaro zai jefa kwabo a akwatin kiɗa, ya fita da gudu ya haye babur, ya je wani shataletale ya juyo ya dawo kafin faifan ya ƙare, alhali faifan bai fi minti uku ba. Wasu daga cikin tsofaffin da suka yi zamanin sun ce labarin ya fi abin da aka yi yawa, kin san majalisar samari ba a raba ta da ƙarin gishiri. Amma gudun kam an yi shi.

Matsalar ita ce babur ɗin da talaka yake iya saye ba don wannan gudu aka ƙera shi ba. An yi shi ne don magidanci ya je aiki ya dawo, a zauna a kai ɗoɗar kamar a kujerar falo, ga madigadi manya, ga wurin ɗaura kaya. Su kuwa samarin idonsu yana kan baburan da ake tsere da su a tsibirin Man, wani ɗan tsibiri tsakanin Ingila da Ailan, inda tun 1907 ake gasar babur a kan hanyoyin gari. A can ne a 1957 wani ɗan Sikotilan mai suna Bob McIntyre ya fara kewaye hanyar, mai tsawon mil 37 da 'yan kai, a kan gudun da ya haura mil 100 a awa. Irin waɗancan babura kuɗinsu ba na yaro ba ne. To rashin uwa akan yi uwar ɗaki, sai suka ce bari mu mayar da namu irin nasu da hannunmu.

Ga yadda suke yi, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki. Abu na farko shi ne kan babur, wato abin riƙon nan mai faɗi. Sai a cire shi a jefar, a kawo wasu gajerun ƙarafa biyu a ɗaure su can ƙasa a jikin ƙafafun gaba, ta yadda mai tuƙi dole ya kwanta rub da ciki a kan tanki. Dalili kuwa iska ce. Duk wadda ta taɓa tafiya da faffaɗan mayafi ranar da ake iskar hunturu ta san yadda iska take riƙe mutum, to a gudun mil ɗari ƙirjin mutum a miƙe kamar bango yake. Tunda an kwantar da gaba, sai a mayar da matakin ƙafa baya, a sake jan birki da giya su bi shi, in ba haka ba mutum zai naɗe kamar ƙosai a leda. Daga nan a cire tankin ƙarfe a sa dogo na alminiyam, wanda galibi ba a ma yi masa fenti, goge shi ake yi har ya riƙa ɗaukar ido, an kuma lotsa gefensa don gwiwa ta sami wurin shiga. Kujerar mutum biyu a sauke ta a sa ta mutum ɗaya mai ɗan tozo a baya, don kada mutum ya zame idan babur ya fizga. Madigadi a datse, ƙafar jingina ta tsakiya a kwance, salansa a sauya da mai faɗin baki kamar kakaki. Wannan na ƙarshe dai rabi don ƙarfin inji ne, rabi kuma don unguwa ta san wane ya dawo, ni dai haka na gani.

Duk wannan aiki a ina ake yin sa? Mai ɗan hali yana da rumfar katako a bayan gida. Wanda ba shi da ita kuwa, idan sanyi ya tsananta, sai ki ga inji a cikin kicin, an shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur an baje fistin da ringi da kafireta. Har akwai wata dabara da masu wannan aiki suke yi har gobe. Idan za a sa boris a cikin kwanson inji, ramin ya matse ƙwarai, in aka ce guduma za a sa sai a fasa. Sai a ɗauki kwanson a sa a obin ɗin gasa abinci ya yi zafi, shi kuma boris a ajiye shi wuri mai sanyi, a zamanin yanzu a firij. Ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake yi, in ya ji sanyi ya tsuke, alminiyam kuma ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa. Da an fito da su sai boris ya faɗa raminsa sulluɓ, in sun huce su kama juna gam. Dabara ce mai kyau, amma ki tambayi kanki wace ce za ta gasa burodi a obin ɗin nan washegari, yana warin baƙin mai. Duk littafin tarihin babur da za a buɗe sunan yaron za a gani da hotonsa, ba a rubuta sunan uwar da ta kankare girisi daga teburinta ba.

Sarkin waɗannan babura shi ne wanda suka raɗa wa suna Triton, kuma babu kamfanin da ya ƙirƙiro shi, a bayan gidaje aka haife shi. Kamfanin Norton yana da firam, wato ƙashin da ake ɗora inji da tayoyi a kai, wanda babu kamarsa wurin shan kwana. Wani bakanike ɗan Belfast mai suna Rex McCandless ne ya tsara shi, aka fara tsere da shi a 1950, har wani matuƙi ya kwatanta hawansa da kwanciya a katifar gashin tsuntsu, sunan kuma ya bi shi. Shi kuma kamfanin Triumph yana da inji mai silinda biyu, mai ƙarfi, mai sauƙin ƙara wa wuta, kayan gyaransa ko'ina akwai, sai dai firam ɗinsa rawa yake yi in gudu ya yi gudu. Sai samari suka ce to me zai hana a ɗaura aure? A ɗauko injin Triumph a dasa a ƙashin Norton, a yanko faranta na ƙarfe a huda su daidai don su riƙe shi, a haɗa farkon sunan wannan da ƙarshen sunan wancan. Abin ya zo musu da sa'a, domin a shekarun nan masu tseren ƙananan motoci suna sayen babur ɗin tseren Norton sukutum don injinsa kawai, su bar ƙashin yana neman mai so. Kada ki ɗauka wasan yara ne, a 1965 wani mai suna Dave Degens ya ci gasar awa 24 ta birnin Basalona da Triton ɗin da aka haɗa a shagonsa.

Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. Tayoyin lokacin sirara ne, birkin kuma na ganga ne wanda in ya yi zafi sai ya saki, fitila ba ta da haske, ga hanyar Landan kullum a jiƙe, manyan motoci sun zubar da gas a kai. Hular kwano kuwa ba dole ba ce, sai a 1973 doka ta tilasta ta. A shekarar 1960 kaɗai masu babur sama da 1,700 ne suka mutu a hanyoyin Birtaniya. A 1961 jaridar Daily Mirror ta buga labarin samarin Ace a shafin farko, ta kira su ƙungiyar masu kashe kansu. Allah Sarki, ni idan na zo nan ba yaron nake tunawa ba, uwar nake tunawa, wadda ta tsira da jaririnta daga bama-baman Jamus, ta raine shi da abincin kati, ya kai shekara goma sha takwas, sannan ɗan sanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da tsakar dare. Wadda ta taɓa ganin yadda samarinmu suke wasa da babur ranar kai amarya, gabanta yana faɗuwa don ƙaninta yana ciki, ta san wannan fargaba ba sai an fassara mata ba.

Mutanen gari suka tsane su, wasu shaguna suka daina sayar wa duk mai rigar fata. Wanda ya matso kusa da su wani limamin coci ne mai suna Bill Shergold, shi ma mahayin babur ne. A 1962 ya hau babur ɗinsa ya je Ace da kansa ya gayyace su, daga nan ya buɗe musu reshe a wata ƙungiyar matasa ta cocinsa da ake kira 59 Club, dubban samari suka shiga. Amma a 1964 sunansu ya ƙara ɓaci, lokacin da suka yi ta ba hamata iska da wasu samarin 'yan gayu masu hawan Vespa da Lambretta a garuruwan bakin teku irin su Brighton da Margate. Jaridu suka kambama abin kamar an yi yaƙi.

To ina mata a duk wannan? Yawanci a baya suke, sun riƙe ƙugun saurayi, in ma kujerar tana da wurin mutum biyu. Amma kada wani ya ce miki gudun mil ɗari da kwance inji gadon maza ne, domin tun kafin a haifi yaran Ace mata sun riga su. Akwai wani filin tsere da ake kira Brooklands, inda duk wanda ya kewaye shi a kan gudun da ya wuce mil 100 ake ba shi lambar tauraron zinariya. Mata uku sun karɓe ta: Florence Blenkiron da Beatrice Shilling a 1934, sai Theresa Wallach a 1939.

Ita Beatrice, wadda aka haifa a 1909, tana 'yar shekara 14 ta sayi babur ɗinta na farko, ta koya wa kanta kwance shi da ɗaurawa. Ta yi karatun injiniya a jami'ar Mancesta, kuma Norton ɗin da ta ci lambar da shi ita ta gyara abinta. Ana cewa da wani abokin aikinta George Naylor ya nemi aurenta, sai ta ce ba ta amsa ba sai shi ma ya ciyo tauraron nan. Ya je ya ciyo, aka ɗaura aure a 1938. Ni da nake rubuta littattafan soyayya na sha sa jarumata ta gindaya wa saurayi sharaɗi, amma wallahi irin wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Da yaƙi ya zo, jiragen yaƙin Ingila suna da wata cuta, in matuƙi ya sunkuyar da jirgi ƙasa da sauri sai mai ya rikice a kafireta inji ya shaƙe, abokin gaba ya samu sarari. Beatrice ce ta fito da maganin, wani ɗan faifan tagulla mai huda a tsakiya wanda yake auna man da zai wuce. A 1941 ta riƙa bin sansanonin jirage da ma'aikatanta ana sa shi.

Sauran biyun kuwa har ƙasarmu sun tako. Ranar 11 ga Disamba 1934 Theresa da Florence suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai akwatin gefe, suna jan 'yar tirela, suka ratsa Aljeriya suka keto Sahara. Injin ya lalace musu a wajejen Agadas, sai da aka kwance shi aka sake ɗaurawa, sannan suka gangaro ta Kano suka ci gaba, har suka isa Cape Town a ƙarshen Yulin 1935. Ki duba fa, mata biyu su kaɗai. Wataƙila kakar wata a cikinmu tana yarinya ta leƙo ta zaure ta gan su sun wuce.

A zamanin samarin Ace ɗin kansa ma an yi wata, Beryl Swain, matar aure ce 'yar Landan. A 1962 ta zama mace ta farko da ta shiga tseren tsibirin Man ita kaɗai a kan babur, ta zo ta 22 a ajin ƙananan babura. Maimakon a yi mata barka, sai masu shirya tsere na duniya suka janye mata lasisi, wai mutuwar mace a fili za ta ɓata wa gasar suna. Sai a 1978 wata mace ta sake shiga ita kaɗai a kan babur. Wannan hukunci ni har yau bai kwanta mini ba, tunda mazan da suke mutuwa a tsibirin ba su sa an hana maza ba.

Abin da ya kashe zamanin bai zo da hayaniya ba. A 1959 aka fito da ƙaramar mota Mini a kan kuɗin da bai kai fam 500 ba, a shekarar kuma aka buɗe babbar hanyar M1, manyan motoci suka fara sauya hanya. Samarin suka yi aure, kuma ba a goya jariri a kan kujera mai tozo. Ace Cafe ya rufe a 1969, ginin ya koma wurin sayar da taya. A wannan shekarar dai kamfanin Honda na Japan ya kawo CB750, mai silinda huɗu, mai birkin faifai, ana tayar da shi da maɓalli ba sai an yi ta dukan kik ba, ba ya ɗigar da mai a tsakar gida, kuma yana wuce mil ɗari yadda aka sayo shi daga kanti. Abin da yaro yake kwana uku a rumfa yana nema, ga shi nan a saye. Kamfanonin Ingila suka bi juna suna durƙushewa, BSA a farkon shekarun 1970, tsohuwar masana'antar Triumph a 1983.

Amma da tsohuwar zuma ake magani. A 1994, shekara 25 da rufewa, wani mai suna Mark Wilsmore ya kira taron tuna baya a harabar Ace, dubban mutane suka zo, wasu da furfura da jikoki. A 2001 aka sake buɗe shagon gaba ɗaya. Kamfanoni suka ga kasuwa, sabon Triumph ya fito da Thruxton a 2004, Royal Enfield na Indiya ya fito da Continental GT a 2013, duk an yi musu siffar baburan bayan gida. Da intanet ta yaɗu kuwa sai abin ya zama ruwan dare, daga Amurka har Indunusiya mutane suna gyara nasu a gida, maza da mata. Abin dariyar shi ne, ɗaya daga cikin baburan da aka fi yankawa shi ne Honda na shekarun 1970, wato wanda ya kashe kasuwar tun farko, don shi ne ya tsufa ya yi araha.

Mai yin aikin a yau ba mil ɗari yake nema ba, tunda babur ɗin kanti ya wuce nan tuni. Zai sayo wanda ya shekara ashirin a jingine, tanki ya yi tsatsa, ɓera ya ci waya. Kafin ya kwance komai sai ya ɗauki hoto, kowane noti da kusa a sa a leda a rubuta inda aka ciro shi, in ba haka ba bayan wata shida ba mai tuna gidan kowa. Masu hankali a cikinsu suna fara wa da tayar da inji da gyaran birki da taya, kwalliya daga baya, domin rumfuna cike suke da baburan da aka yi wa fenti mai kyau ba su taɓa tashi ba. Kuɗin da ake kashewa kuma sau da yawa ya fi abin da za a samu in an sayar, wannan ya kamata uwargida ta sani tun ranar da aka turo gawar babur cikin gida aka ce mata ai wata biyu ne an gama.

Wurin da ake faɗa shi ne wurin zarto. Don a sa kujerar nan mai tozo, yawanci sai an datse bayan firam an yi waldar wani lanƙwasasshen ƙarfe, kuma abin da aka datse ba ya komawa. Masu son kayan tarihi suna cewa wannan ɓarna ce, babur ya rayu shekara hamsin lafiya ka zo ka guntule shi don yayi. Su kuma masu yanka suna cewa da a bar shi ya ruɓe a bayan gida gara ya hau titi ko da rabin jela. Ni dai a nawa ganin, wanda ya zo cikakke da fentinsa na asali a bar shi yadda yake, wanda kuma aka tsinto a bola ba kujera ba fitila, mai shi ya yi yadda ya ga dama. Su Triton ɗin da yara suka harhaɗa a kicin ɗin iyayensu kuwa, waɗanda a da dillalai suke yi wa kallon shege marar asali, yanzu a gidajen gwanjo ake sayar da su.